Na'urorin Da Annoba Ta Bari A Kasuwannin Ƙasar Kazaure

Mas'alar da ta kamata a duba a wannan mako ita ce ta na'urorin nan masu zance da junansu, waɗanda suka cika kasuwanni da gidaje da asibitoci tun bayan annobar korona. Ciwon ya ja da baya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa a kansa ran 5 ga Mayu 2023, amma kayan da suka yawaita a dalilinsa ba su koma ba. Sun zauna daram, kuma yau dukiyar mutane da sirrinsu da abincin iyalinsu ta cikinsu su ke ratsawa. Abin da ya kai wannan matsayi bai kamata a bar saninsa ga samari masu gyaran waya kaɗai ba. Wajibi ne manya su san shi, su san amfaninsa da aibinsa.

Mai karatu ya tuna yadda al'amarin ya faro. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ciwon a Ikko, ran 11 ga Afrilu kuma aka tabbatar da shi a Kano. Kafin watan nan ya ƙare an kulle birnin Kano, an kuma kulle Kazaure bisa umurnin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar saboda ciwon ya ɓulla a nan. Azumin shekarar 1441 ya kama ana cikin wannan hali. Aka dakatar da tarukan tafsiri, aka rufe makarantu, aka kwashi almajirai a motoci ana mayar da su jihohin iyayensu, aka hana ƙetare iyakar jiha har zuwa 1 ga Yuli. A Kano kuwa dattawa da malamai suka yi ta rasuwa a jere, har daga baya Ministan Lafiya ya ce masu bincike sun ƙirga mutum 979, kuma rabinsu ko fiye ana danganta rasuwarsu da wannan ciwo. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ba wannan ce annoba ta farko da ta ratsa ƙasar Hausa ba. Murar 1918 ta sauka daga jiragen ruwa a Ikko, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano. A wancan zamani in hanya ta rufu to ciniki ya rufu ke nan, domin wayar tangaraho ta hukuma ce da manyan kantunan Turawa, talaka ba shi da rabo a cikinta. A 2020 hanya ta rufu amma ciniki bai mutu duka ba, gama wayar hannu da ta shigo ƙasar nan a 2001 ta riga ta kai ƙauye. Sai a ga mai hatsi a Gwiwa ya kira abokin cinikinsa a Dawanau, sun yanke farashi, kuɗi sun shigo ta waya, ya taka zuwa wurin mai POS ya karɓa. Wanda a da ya ke cewa shi bai yarda da kuɗin da bai ƙirga da yatsunsa ba, tilas ta sa ya koya. Da aka buɗe hanya kuwa, kaɗan ne suka koma yadda su ke a da.

Ya kamata a bayyana abin da a ke nufi da na'ura mai zance da 'yar'uwarta. Ita ce duk wadda aka sa wa layi irin na waya, ko wata hanya ta kama intanet, yadda za ta aika labari ko ta karɓi umurni daga nesa ba tare da ɗan aike ba. Akwatin POS misali ne. In aka sa kati aka danna lambar sirri, ya kan aika tambaya ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan tambayar ta bi wayoyin da aka binne a ƙasa har zuwa kwamfutocin banki, su duba ko akwai kuɗi, su cire, su mayar da amsa, duk kafin mutum ya gama gyara zaman hularsa. Haka 'yar na'urar bin sawu da a ke ɓoyewa a jikin babur ko babbar mota, wadda ke karɓar alama daga taurarin ɗan'adam ta gaya wa mai abin hawa inda kayansa ya ke. Haka fitilar sola da a ke saya ana biya kaɗan-kaɗan, haka ma'aunin sanyi da a ke sa wa firjin alluran rigakafi. Mitar wuta ta KEDCO ma, ko da ya ke ba kowacce ce ke da layi ba, katinta mai lamba 20 mafi yawa ta waya a ke sayensa.

Adalci ya sa a fara da faɗin amfaninsu, domin amfanin nan ba ƙarami ba ne. Falken da ya ke ɗaura kuɗin shanu a lalita ya nufi Maigatari, ko ya cusa kuɗin atamfa a ƙarƙashin riga ya nufi Kantin Kwari, ya san irin barcin da ya ke yi a daren tafiya. Yau ya kan tafi da kati da waya, ɗan fashi in ya tare shi ba ya samun damin kuɗi a jikinsa. Manomin riɗi ko zoɓo a ƙasar Babura ya kan ji farashin Dawanau tun kafin mai saye ya iso ƙofar gidansa, saboda haka da wuya a yi masa irin cutar da a ke yi wa wanda bai san kasuwa ba. Mai mota da ya ɗora kaya zuwa kudu yana zaune a rumfarsa ya san inda direba ya kwana. Matan da ke cikin gida kuwa sun sami kasuwar da ba ta buƙatar fita: su ɗauki hoton turare ko zane ko abinci su sa a WhatsApp, a saya, a biya, yaro ya kai.

A fannin lafiya ma haka. Tun kafin korona, ma'aikatan rigakafin shan inna a Kano da Jigawa su kan fita da wayoyi masu rubuta duk inda aka taka, daga baya a duba taswira a ga unguwar ko rugar da aka tsallake, a koma mata. Wannan yana cikin dabarun da suka taimaka har aka yi shelar kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka ran 25 ga Agusta 2020. Da alluran korona suka fara isowa Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu a zuwan farko, sharaɗinsu shi ne a ajiye su cikin sanyi tsakanin daraja 2 da 8. Wanda ya san zafin bazara a iyakar Nijar, inda ma'auni kan haura 40, ya san wuyar cika wannan sharaɗi. Ma'aunin da zai aika saƙo da kansa in firji ya fara ɗumi yana tsare lafiyar jariran da ba su san da shi ba.

Malamai su ma sun ɗanɗana. Tafsirin da aka hana yi a taro a 2020 an saurare shi ta rediyo da ta waya, kuma tun daga lokacin karatun malamin Kazaure ya kan kai kunnen ɗalibinsa da ke ci-rani a Ikko ko Fatakwal. Uban almajiri ya kan ji muryar ɗansa, ya kuma aiko da kuɗin Laraba ba tare da jiran mai zuwa ba. Aikin Hajji ma bai tsira ba: a 2020 da 2021 babu alhajin da ya tashi daga Nijeriya, da aka buɗe hanya kuma sai aka tarar hukumomin Makka da Madina sun mayar da izinin shiga Rauda cikin manhajar waya, a Hajjin 2024 kuma katin Nusuk ya zama tilas ga mai shiga wuraren ibada. Watau ko dattijon da bai taɓa sha'awar waya ba, ranar da ya yi niyyar sauke farali sai ya bi ta ƙofarta.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Cikin shekaru uku da 'yan watanni an ga abubuwa huɗu da ya kamata duk ɗan kasuwa ya riƙe su a ka. Na farko, a Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara duka da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Watanni aka yi ana haka. Akwatunan POS suka zama kamar duwatsu, mutane suka riƙa shiga mota zuwa wani gari don su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗinsu. Roni da Gwiwa suna iyaka da jihar Katsina. Abin bai iso su ba, amma in gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ya kan shafa wa nasa ruwa.

Na biyu, canjin kuɗi. A Oktoba 2022 Babban Banki, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya yi shelar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka sa 31 ga Janairu 2023 ranar daina karɓar tsofaffi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su fito yadda za su isa ba. Aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, sai hanyoyin bankuna suka cushe, a cire wa mai saye kuɗi mai sayarwa bai gani ba. Kasuwa ta koma farashi biyu, na kuɗi hannu da na turawa, aka wayi gari ana sayen naira da naira. Wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin ƙauye da ya kawo akuya ko tiya biyar ta gero, ba shi da asusu, dole ya karyar ga duk mai takardar kuɗi a aljihu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki kafin numfashi ya fara dawowa.

Na uku, ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga bankuna a Nijeriya suna ba da haƙuri. Mai shago a Kazaure bai taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru a ƙarƙashinsa ya tsayar masa da ciniki. Na huɗu, a Oktoba 2024 manyan layukan da ke kawo wutar lantarki Arewa suka lalace, Kano da Katsina da Jigawa suka yi kwanaki a cikin duhu, cajin waya ya zama abin bin layi a wurin mai janareta ko mai sola.

Fa'idar da za a ciro daga waɗannan huɗu guda ce. Cinikin na'ura tukunya ce bisa duwatsun murhu uku: wuta, da sabis, da banki. In ɗaya ya goce tukunya ta kife, kuma babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke hannun mai tukunyar. A da in falke ya yi hasara ya kan san dalili, ko fari, ko ɓarawo, ko faɗuwar kasuwa. Yanzu ya kan iya wuni da kaya a gabansa da mai saye a tsaye, ciniki ya ƙi ƙulluwa saboda wani abu da ya auku a inda bai sani ba. Ko mitar wuta tana da ajalin da mai gida bai san da shi ba: ƙidayar mintunan da aka gina katinta a kai tun daga 1993 ta cika ran 24 ga Nuwamba 2024, sai da aka umurci mutane su shigar da lambobin sabuntawa don kada ta daina karɓar kati.

Mas'ala ta gaba ita ce ta amana. Kowace na'ura daga cikin waɗannan marubuciya ce da ba ta gajiya. Tana rubuta wanda ya biya, da wanda aka biya, da nawa, da wane lokaci, da wane wuri. Tun Disamba 2020 hukuma ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, a Afrilu 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Saboda haka rubutun nan yana ɗauke da sunan mai shi. Abin tambaya shi ne wa ke riƙe da littafin, kuma wa ya ke nuna wa. Ƙasar Singafo ta raba wa mutanenta manhaja da 'yan na'urori na bin sawun ciwo, da alkawarin ba za a yi amfani da labarin ba sai don ciwon. A Janairu 2021 gwamnati ta amsa cewa 'yan sanda na iya karɓarsa, jama'a suka yi ƙorafi, sai da majalisa ta yi doka ta taƙaita abin ga manyan laifuffuka. A lardin Henan na ƙasar Sin kuwa, a Yuni 2022, mutanen da kuɗinsu ya maƙale a wasu ƙananan bankuna sun taso neman haƙƙinsu, sai alamar lafiya da ke wayoyinsu ta koma ja kamar masu ciwo, aka hana su motsi. Daga baya aka hukunta jami'ai biyar. Abin da aka ƙera don tsare lafiya, ga shi an ɗaure mai bin bashi da shi. A Nijeriya an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yuni 2023, aka kafa mata hukuma. Doka ce mai kyau, sai dai dokar da talaka bai san da ita ba, da wuya ta tsare shi.

Sa'an nan akwai mas'alar bashi. Fitilar sola da wayar hannu da a ke bayarwa a biya a hankali sun haskaka gidaje da yawa, musamman tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya fi ƙarfin mai ƙaramin janareta. Amma yawancinsu an gina su ne yadda in ranar biya ta wuce za su kulle kansu, wasu da umurni daga nesa, wasu da ƙarewar lambar da aka saya. Mai bin bashi na da ya kan zo ƙofar gida, a gaisa, a ba shi uzuri na rashin lafiya ko na rasuwa, ya ɗaga ƙafa. Na'ura ba ta jin uzuri. Mutum ya biya kashi tara cikin goma, ciwo ya kwantar da shi mako biyu, gidansa ya koma duhu. Nan akwai tambayoyi ga masu ilmi: kayan nan mallakar wa ne kafin a gama biya, sayarwa ce ko haya, kuma ƙarin da ke tsakanin farashin hannu da na jinkiri an bayyana shi tun farko ko an ɓoye shi a cikin takardar Turanci da mai saye ya dangwala wa yatsa bai karanta ba? Babin ciniki yana nan a cikin Risala da sauran littattafan fiƙihu da a ke karantawa a zaure. Abin da ya rage shi ne a ɗauko waɗannan sababbin surori a auna su da shi.

Wannan ya kawo zancen harshe, wanda ya shafi masu karanta wannan shafi fiye da kowa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya ke rubuta wasiƙa da lissafin shagonsa da ajami, ba jahili ba ne. In ya ɗauki takardar naira 200 ko 500 ko 1000 zai karanta adadinta da kansa, domin ajami yana jikinta, ko da ya ke an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, an kuma fitar da sabuwar naira 100 ba tare da shi ba a 2014. Amma in kuɗin nan suka shigo ta waya, saƙon banki da Turanci ya ke zuwa. Sai attajiri mai shekara sittin ya miƙa wa yaro waya ya ce duba mini, ko ya faɗa wa mai POS lambar sirrinsa a gaban jama'a don a danna masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ce alat na ƙarya ke shigowa, inda mazambaci zai nuna saƙo ya ɗauki kaya alhali ko kwabo bai shiga ba. Ta nan ne kuma mai kira zai ce shi ma'aikacin banki ne, a karanto masa lambar da aka turo, kafin a ankara an share asusu.

Game da duk wannan mutane sun kasu biyu. Wasu sun ce a watsar da na'urorin, a koma kuɗi hannu da tafiya da ƙafa. Masu wannan magana suna da hujja a abin da suka gani a 2023, amma sun manta hanyar da ta rufu a 2020 tana iya sake rufuwa, kuma kan iyakar Nijar da Babura ke kallo an rufe shi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe shi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda ba shi da hanyar ciniki sai ta ƙafa, ranar da aka tare ƙafa ya zauna. Daga cikin wannan ɓangare ne kuma aka sami masu yaɗa cewa sabis na 5G ne ya kawo korona, alhali ba a yi gwanjon lasisinsa a Nijeriya ba sai Disamba 2021, ba a fara sayar da shi ga jama'a ba sai 2022. Wasu kuma sun ce a kashe takardar kuɗi gaba ɗaya, kowa ya koma na'ura ko yana so ko ba ya so. Waɗannan an gwada maganarsu, an ga yadda ta ƙare. Ko kuɗin eNaira da Babban Banki ya ƙaddamar ran 25 ga Oktoba 2021 bai sami karɓuwa a kasuwa ba, domin yarda ba a kafa ta da shela. Magana madaidaiciya ita ce a riƙi na'ura a matsayin bara mai saurin aike, a ba ta aikin da ta iya, kada a damƙa mata mabuɗin gida duka.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Ɗan kasuwa kada ya tara dukiyarsa a asusu guda ko a layi guda. Ya raba, ya kuma ajiye kuɗi hannu gwargwadon abin da zai riƙe gida da shago kwana bakwai. Kada ya saki kaya don an nuna masa saƙo a wayar mai saye, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin sun zauna. Lambar sirri kuwa sirri ce, banki ba ya kiran mutum ya tambaye ta. Kada kuma ya jefar da littafinsa na takarda don waya tana riƙe da lissafi. Malamai sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana, waya kuwa ta kan faɗa ruwa ko a sace ta. Yana da kyau magidanci ya rubuta sunayen bankunan da ya ke ajiya ya ba amintacce, domin dukiyar marayu da yawa ta kan maƙale a asusun da magada ba su san da shi ba. Shugabannin kasuwa su ma su yi wa masu POS tsari: a san kowa da rumfarsa da mai tsaya masa, a rubuta la'ada a allo kowa ya gani.

Malamai nasu aikin shi ne su san abin kafin su yi hukunci a kansa, su kira masu sana'ar su tambaye su yadda ta ke gudana, sa'an nan su bayyana wa jama'a abin da ya halatta da abin da ke da garari. Almajiri babba da ya iya tilawa ba zai gaza koyon karanta saƙon banki da lissafinsa ba, kuma wannan zai tsare shi ya tsare mahaifinsa.

Makarantun fasaha nasu nauyin ya fi. Ƙasar nan ba ta rasa su ba: akwai makarantar ilmin kwamfuta da jihar Jigawa ta kafa a Kazaure a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a Babura a 2021. Ƙananan garuruwa kaɗan ne a Arewa suka haɗa irin wannan a kusa da juna. Ya dace ɗalibansu su fara da matsalar da ke ƙofar makaranta: manhajar da za ta karanta wa mutum saƙon banki da Hausa, da murya ko da ajami, ma'aunin da zai gaya wa mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba lokacin da ƙasa ke son ruwa, don kada ya ƙona mai a banza, da horar da masu gyara a Roni da Gwiwa, yadda famfon sola in ya lalace ba sai an jira wani daga Kano ba.

Hukuma kuma, ta jiha da ƙananan hukumomi tare da masarautun Kazaure da Ringim, ta kula da duwatsun murhun nan. A sa sola a asibitoci da manyan kasuwanni, a matsa wa kamfanonin waya su kai sabis ƙauyukan da har yanzu sai an hau tudu a ke samun kira, a fassara dokar kare bayanai da Hausa a karanta ta a rediyo. Duk wani tallafi ko rajista da za a yi ta waya, a bar ƙofa ta biyu ga tsoho da gwauruwa da makaho waɗanda ba su da ita. Kuma duk labarin da aka karɓa daga jama'a da sunan annoba ko tallafi, a faɗi ranar da za a shafe shi.

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta ratsa Kazaure da Daura. Hanya ta kan kawo baƙi da kaya da ciniki, ta kan kuma kawo ciwo, kamar yadda ta kawo a 1918. Babu wanda ya san ranar da za a sake cewa kowa ya zauna a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da ya koyi na'urorin nan tun yanzu, ya san inda su ke da ƙarfi da inda su ke da rauni, ya kuma ajiye hanya ta biyu, shi ne zai ci abinci a ranar da aka rufe ƙofa. Allah ya kiyashe da jama'a daga annoba da hasara, ya sa albarka a kasuwa da karatu. Wassalam.